Ɗan Falke a Kazablanka: Abin da Bijimai Huɗu Suka Sayo

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi ce, amma ba su faɗi nawa ake sayen mabuɗin ba, ba su kuma faɗi ƙofar da yake buɗewa ba. A garin Dakoro, wajen kilomita 120 arewa da Maraɗi, wannan tambaya ta ƴan kasuwa ce kafin ta zama ta malamai. Gari ne da ke zaune tsakanin gona da makiyaya, kusa da kwarin Tarka, inda dokar shekarar 1961 ta ja layin da aka ce kada noma ya ƙetare. Daga kudu gero da wake ke hawowa, daga arewa, wajen Sakabal da Bermo, shanu da tumaki da raƙuma ke gangarowa, su haɗu a kasuwa. Duk wanda ya tashi a irin wannan wuri ya san abin da ke araha nan yana tsada can, ya kuma san ribar falke tana ƙafarsa.

Da can hanya biyu ake bi wajen horon yaro. Ɗan kasuwa yakan haɗa ɗansa da wani amintaccen bara, ya bi kamiyon dabbobi ta Ɗan Isa zuwa Jibiya, ko ya zarce Kano, ya koyi canjin naira da sefa, ya koyi halin dillalai da na ƴan duwan. Ma'aikacin gwamnati kuwa yakan sa nasa lakkol, ya bi shi har lise, in ya ci bak a nema masa burs, ya tafi Yamai ko Dakar ko Faransa, ya komo da diflom ya shiga biro. Yaran biyu sukan gaisa a masallacin Juma'a, amma kowanne yana yi wa ɗan uwansa kallon wanda ya yi asarar ƙuruciya. Yau an sami yara masu ƙafa ɗaya a rumfa, ɗaya a aji. Labarin ɗaya daga cikinsu ke nan, wanda ya yi zango guda na karatun kasuwanci a ƙasar Maroko.

Mudu guda domin kowa

Musayar ɗalibai dabam take da tafiya karatu irin ta da, wadda mutum kan ɓace shekara biyar har a mance da kamanninsa. A nan sunan ɗalibi yana nan a rajistar makarantarsa ta gida, sai ya tafi wata makaranta a wata ƙasa ya yi wata huɗu ko biyar, ya zauna jarrabawa can, a aiko da makinsa, a lissafa masa kamar a gida ya yi. Turawa ne suka ba abin ƙarfi da shirinsu na Erasmus a 1987, wanda ɗalibai 3,244 suka amfana da shi a shekarar farko. Domin a iya auna karatun wata ƙasa da na wata, sai aka fito da mudu guda: kowane zango kiredi 30, lisans kuwa kiredi 180 cikin zango shida. Wannan mudun ne ƙasashen UEMOA suka amince da shi a 2007, ƙarƙashin tsarin LMD, wato lisans da mastar da doktora. Ɗan kasuwa zai gane zancen da sauri, domin ya san in tiyar Dakoro da ta Maraɗi ba su zo ɗaya ba, ciniki ba ya ƙarewa sai da gardama.

Saurayin da ake zance ɗan fari ne ga wani Alhaji mai fataucin dabbobi da hatsi. Saboda kunyar ɗan fari, Alhaji bai taɓa kama sunansa ba, sai dai ya ce "yaron nan". Ya yi firamare da kwaleji a Dakoro, ya yi lise a Maraɗi, ya shiga wata makarantar koyon kasuwanci mai zaman kanta a Yamai. Makarantar tana da yarjejeniya da wata a Faransa da wata a Kazablanka. Da ya kai shekara ta uku sunansa ya fito cikin waɗanda za su Faransa, har an fara haɗa takardu. Sai ga juyin mulkin ranar 26 ga Yulin 2023. Bayan kwana huɗu CEDEAO ta aza wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wuta, kuɗi suka yi wuya a bankuna. A watan Satumba ɗaliban Nijar da Mali da Burkina Faso suka ji an dakatar da ba su bizar Faransa. Ƙofa ɗaya ta rage, ta Kazablanka, ita kuma babu burs a cikinta: kuɗin jirgi da ɗaki da abinci duk a wuyan iyaye.

Alhaji bai so ba. Kasuwa ta tsaya, dabbobi sun taru babu mai saye, naira tana zubewa tun daga watan Yuni da hukumomin Abuja suka sake ta. Ga shi kuma mutum ne da bai yarda da takarda ba tun faɗuwar bankin BDRN a 1990, lokacin da ya ga manyan mutane suna safa da marwa a bakin ƙofa suna neman abin da yake nasu. Wanda ya tsaya wa yaron shi ne kawunsa, tsohon mushen lakkol da ya yi ritaya, wanda shi ma yana tune da yadda karya darajar sefa ta Janairun 1994 ta raba kuɗin ɗaliban da ke Faransa biyu cikin dare ɗaya. Bayan sallar isha'i suka zauna a zaure. Alhaji ya ce: "Mushe, gaya mini tsakaninka da Allah, me za su koya masa can wanda ba a sani ba a kara?" Mushe ya ce: "Alhaji, ba za su koya masa sanin sa ba, wannan kai ne malaminsa. Amma akwai wani littafi cikin kanka, na wanda kake bi da wanda ke bin ka. Ran da Mai Duka ya yi ikonsa, wa zai karanta shi?" Alhaji bai amsa ba. Ran kasuwa ya fid da bijimai huɗu ya sayar, a farashin da bara ko tsayawa ba zai yi ya saurara ba.

Yadda kuɗin suka isa Maroko ma abin lura ne. Ba su bi ta banki ba. Alhaji ya danƙa su ga wani abokin cinikinsa a Maraɗi, shi kuma ya buga waya ga wani ɗan Nijar mai sayen kaya a Kazablanka, wanda ya ƙirga wa yaron dirhami a hannu, babu rasit, babu sa hannu. Amanar da aka gada ita ta biya kuɗin koyon lissafin zamani.

Baƙunta

Ya sauka tsakiyar Satumba, kwanaki kaɗan bayan girgizar ƙasar ranar 8 ga wata, wadda ta kashe kusan mutum 3,000 a duwatsun kudu da Marrakesh. Ya tarar da gari cikin juyayi, ɗalibai suna tara barguna da abinci. Ya kama ɗaki tare da wani ɗan Kodibuwa da wani ɗan Gine. Makon farko da ƙyar yake cin abinci, domin duk abin da aka ce masa dirhami ɗaya sai ya mai da shi dala goma sha biyu cikin zuciya, ya tuna da bijiman Alhaji, ya janye hannu. Faransancin da yake taƙama da shi yana aiki a aji, amma a tasha da wajen mai burodi larabcin gari ake yi, wanda ake kira darija, bai kuwa yi kama da na makarantar allo ba. Da sanyin Disamba ya shigo, mai ɗauke da danshin teku, sai ya gane hunturun Dakoro sanyin wasa ne. Da kwana 90 suka kusa cika kuma sai bin layin neman takardar zama. Wani lokaci yara kan bi shi da kalmomin da ba sai an fassara masa ba, ya haɗiye, ya wuce.

Inda ya sami kansa a gida shi ne masallaci. Mazhabar Malikiyya ce, karatun Warshu ne, irin wanda ya taso yana ji a tsangaya, rubutun Alƙur'aninsu ma ɗan uwan wanda ya koya a allo ne. Wani tsoho mai kanti a unguwarsu da ya ji karatunsa sai ya riƙa kiransa cin kuskus kowace Juma'a. A kantin tsohon nan ya ga wani ƙaramin littafi da ake rubuta bashin maƙwabta, kowane gida da shafinsa, a biya ƙarshen wata. Ya je Derb Omar, unguwar ƴan sari ta Kazablanka, ya ga kaya na fita bisa magana da sanayya kamar a babbar kasuwar Maraɗi, ya ga Susawa, mutanen kudancin ƙasar, suna riƙe da kantuna ta hanyar ƴan uwa da yaran gida, tamkar Alhazai da barorinsu. Bambancin da ya lura da shi guda ne: a can bayan an yi magana sai a jawo biro.

Tambaya uku

A aji ana koya musu lissafin shiga da fita mai shafi biyu, wanda Luka Pacioli ya bayyana a rubuce a Banis tun 1494, da dabarun talla, da safarar kaya, da sarrafa jari. Ana raba su ƙungiya-ƙungiya, sau da yawa ƴan mata ke jan gaba, abin da ya ɗauke shi lokaci kafin ya saba. Wata rana malamin sarrafa jari ya ce kowane ɗalibi ya kawo bayanin wata sana'a ta danginsa. Wasu suka kawo masana'antar takalma, wasu otal. Shi kuwa kunya ta kama shi, yana ganin fataucin shanu ba abin kawowa gaban ƴan birni ba ne. Ya dai daure ya tashi, ya bayyana yadda ake sayen dabba a arewa lokacin da makiyayi ke neman gero, a kiwata, a loda, a kai Najeriya. Aji ya yi tsit, suna saurare.

Da ya gama malamin ya yi masa tambaya uku. Jarin mahaifinka nawa ne? Cikin kuɗin da ke hannunsa, nawa ne nasa, nawa ne na mutane? Sa guda daga Sakabal zuwa Jibiya, nawa yake ci a hanya? Yaron da ke iya buɗe bakin sa ya faɗi shekarunsa, ya dubi doronsa ya faɗi nauyinsa, ya rasa amsar ko ɗaya. Malamin bai yi masa dariya ba. Ya ce wannan ita ce sana'a mafi ban sha'awa da aka kawo ajin, ya ba shi wata biyu ya nemo amsa, ya kuma nuna masa wani littafi: Les Alhazai de Maradi, na Emmanuel Grégoire, wanda aka buga a 1986. A cikinsa yaron ya ga an zauna an yi nazarin dangantakar ubangida da bara, da yadda Alhaji ke tara mutane kafin ya tara dukiya, da tarihin cinikin gyaɗa da na ƙetare iyaka. Abin da yake jin kunyarsa, ashe masana sun daɗe da mai da shi darasi. Ya kuma ci karo da binciken wata Ba'amurkiya, Jenny Aker, wadda ta nuna cewa shigowar wayar salula tsakanin 2001 da 2006 ta rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwannin Nijar da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Sai ya fahimci abin da ya sa Alhaji ke yawan cewa riba ta yi ƙaranci tun da kowa ya sami waya: sanin farashin da a da yake hannun falke kaɗai, yanzu yana aljihun kowane makiyayi.

Ya buga wa mahaifinsa waya, bayan doguwar gaisuwa ya ce: "Baba, malaminmu ne ke tambaya, wai jarin gidanmu nawa ne?" Alhaji ya ce: "Wa ya aike shi? Arziki ake ƙidayawa? Ka ce masa alhamdu lillahi." Ya kashe waya. Sai yaron ya koma ga babban baran gidan, wanda ya goya shi yana ƙarami. Ta saƙon murya na WhatsApp, dare bayan dare, ya tattara kuɗin lodi, da la'adar dillali, da dusa da ƙaiƙayi, da haraji, da abin da ake bari a shingaye, da dabbar da kan mutu a mota. Da ya jera su a kwamfuta sai wani abu ya fito fili. Babbar asarar gidan a wannan shekara ba a hanya ta auku ba. Ragunan layyar ƙarshen Yunin 2023 an ba abokan ciniki na Najeriya bashi ne da naira, kamar yadda aka saba. Sun cika alkawari, sun biya daidai abin da aka yi magana, amma kafin kuɗin su zo a canza su zuwa sefa naira ta zube, ribar ta narke a hanya. Babu wanda ya ci amanar wani, kuma babu wanda ya ga inda kuɗin suka shiga, tun da ba a rubuta ba.

Fas da Tanja

Kakarsa ta yi masa wasiyya kada ya komo bai ziyarci kabarin Shehu Ahmadu Tijjani ba, wanda ya rasu a Fas a 1815. A hutun tsakiyar zango ya hau jirgin ƙasa ya tafi. Ya yi ziyara, ya ga masallacin Ƙarawiyyin da aka kafa tun shekarar 859, ya leƙa majemar Shuwara, inda har yau ake jeme fata cikin ramuka kamar na marinar Kano. Nan ya tuna da wani abin da ya karanta: fatar jar akuya, wadda Maraɗi da Sakkwato suka shahara da ita, ayarin raƙuma kan ƙetare Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai da sunan fatar Maroko, a yi bangon littafi da safar hannu. Akuyar ta ƙasar Hausa ce, sunan da ribar kuwa na wanda ya kai ta bakin teku. Ya daɗe tsaye yana wannan tunani, domin ya ga har yau dabba da ranta take fita daga Dakoro, fata da nama da ƙashi duk wani ke cin moriyarsu.

A Tanja ya ga tashar jiragen ruwa ta Tanger Med, wadda aka buɗe a 2007, kwantena bisa kwantena har iyakar ganin ido. A lokacin ne ma ake ta zancen tayin da sarkin Maroko ya yi ranar 6 ga Nuwamba na buɗe wa ƙasashen Sahel hanyar tekun Atlantika, har ministoci suka taru a Marrakesh ranar 23 ga Disamba. Ɗan ƙasar da aka toshe wa hanyar Kwatano ba ya jin irin wannan zance da kunnen wasa. Amma a Tanja akwai wani abin gani kuma. In gari ya yi haske ana hango duwatsun Sifen, tazarar kilomita 14 a inda mashigin ya fi ƙunci. Abokin ɗakinsa ɗan Gine ya daɗe yana kallon can. Ya ce masa su da suka riga suka zo nan, komawa gida hauka ne, gida babu wuta, babu aiki, iyaka a rufe. Yaron bai sami amsa mai ƙarfi ba, kuma a daren nan barci bai zo masa da wuri ba. Bayan jarrabawa ɗan Ginen ya tattara jakarsa ya nufi arewa. Saƙo biyu aka samu daga gare shi, daga nan shiru.

Abin da ya yanke wa ɗan Dakoro shawara daga gida ya zo. Wani babban aminin Alhaji, abokin fatauci na shekara talatin, ya rasu ba zato. Akwai kuɗin gero mai yawa na Alhaji a hannunsa, akwai kuma na wasu. Da aka zo rabon gado magada suka ce su ba su san zancen ba, kuma da gaske ba su sani ba. Shaidu biyu da aka yi a gabansu, ɗaya ya riga mamacin tafiya, ɗaya ya tsufa yana ruɗewa. Cikin wata guda dukiyar da ake ganin ba ta ƙarewa ta watse, barori suka kama gabansu, zumunci ya yi tsami. Alhaji ya yafe nasa domin kada a tsai da mamaci, amma muryarsa a waya ta sauya. Karo na farko ya tambayi ɗansa: "Yaushe za ku gama?"

Komowa

Ya sauka Yamai ƙarshen Janairun 2024, takunkumi bai riga ya tashi ba, sai ranar 24 ga Fabrairu aka ɗage shi. Wahala ta farko a makarantarsa ta tarbe shi. Saboda gaggawar tafiya ba a sa hannu a takardar da ke jera darussan da zai yi can da waɗanda za su maye a gida ba. Darussa biyu sunansu bai zo daidai da na tsarin gida ba, aka ce ba a san su ba. Ya yi wata uku yana hawa da sauka tsakanin ofisoshi, a ƙarshe aka karɓi ɗaya, ɗaya kuwa sai da ya sake zama jarrabawarsa. Mudu guda ne a takarda, amma masu awo ba su riga sun saba da shi ba.

Wahala ta biyu a gida take. Ya zo da babban littafi mai layi da niyyar gyara komai cikin mako ɗaya. Barori suka ɗauka an zo ƙidaya musu loma ne, suka ɗaure fuska. Ya duba ya ga buhunan gero masu yawa da Alhaji ke ba Fulani da Buzaye bashi lokacin rani, ba riba, ba ranar biya. Bisa abin da ya koya wannan jari ne da ke kwance, ya ce a daina. Alhaji ya bar shi ya gama, sannan ya ce: "Kai yaro, a 2010 da dabbobi suka yi ta faɗuwa a daji, waɗanda na ba gero ba su mance ba. Yau in ɗayansu zai sai da sa, ba ya kai shi kara sai na gani na ce ba na so. Bashin nan da kake gani shi ne igiyar da ke jawo mini shanu. Malaminku ya koya muku inda ake rubuta wannan?" Yaron ya yi shiru, domin babu shafin da aka tanada domin haka.

Kawu Mushe ne ya sake shiga tsakani, tare da limamin unguwa, wanda ya tuna wa Alhaji cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, saboda haka rubutu ba rashin yarda ba ne. A kan abu huɗu aka daidaita. Kowane bashi, na shiga da na fita, a rubuta shi da boko da ajami, domin Alhaji ya iya karantawa da kansa. A raba aljihun cefanen gida da aljihun kasuwa. Dabbar da za a bayar bashi a Najeriya a yanke kuɗinta da sefa, ko a gajarta wa'adi. Geron makiyaya kuwa a ci gaba da bayarwa kamar da, sai dai a san adadinsa. Jimillar jari har yau Alhaji bai yarda a faɗe ta da baki ba, amma da lokacin fid da zakka ya zo ya sa aka rufe ƙofa, aka buɗe littafi, aka fid da ita bisa lissafi. Babban baran nan da ya fi kowa ɗaure fuska shi ya fara cin moriya, domin rubutu ya nuna akwai ladan tafiya biyu da aka mance ba a ba shi ba.

Abin lura ga iyaye da hukuma

To, bijimai huɗu sun biya? Wata biyar ba ya mai da yaro gwanin kasuwa, kuma rabin abin da ya karanta can yana cikin littattafan da ke Yamai. Abin da ba ya samuwa a gida shi ne nisa. Sai da ya tsaya gaban baƙi waɗanda ba su san Alhaji ba, ba su jin nauyinsa, aka yi masa tambayar da duk Dakoro babu mai iya yi, kuma sai da ya ga mutane masu addini irin nasa da amana irin tasa suna rubutu, sannan ya yarda rubutu ba kayan Nasara ba ne. Gani ya kori ji.

Ga ɗan kasuwar da ɗansa ya zo masa da irin wannan buƙata, akwai abin dubawa kafin a kai sa kara. A tabbata makarantun biyu sun sa hannu a jerin darussa tun yaro bai hau jirgi ba. A tabbata diflom ɗin makarantar gida hukuma ta san da shi, in da hali har CAMES. A yi lissafin ɗaki da takardar zama da kayan sanyi da magani, ba kuɗin jirgi kaɗai ba. A kuma ɗora wa yaron wata tambaya ta gida da zai tafi da ita, domin wanda ya tafi da tambaya yana da dalilin komowa, wanda ya tafi hannu sake kuwa duwatsun Sifen suna iya ba shi tasu.

Ga ma'aikatan da ke riƙe da sha'anin ilimi mai zurfi kuma, karɓar makin ɗalibin da ya komo bai kamata ya zama alfarma ba. Sannan waje ba lalle sai an ƙetare Sahara ba. Maraɗi tana da jami'arta tun 2010, mai ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo. Katsina, mai jami'ar Umaru Musa Ƴar'aduwa, ba ta kai kilomita 100 daga nan ba. Ga jami'ar Bayero a Kano da makarantarta ta kasuwanci, ga Ahmadu Bello a Zariya tun 1962. Ɗalibin da ya yi zango guda a can zai koyi Ingilishi, ya san dokokin kasuwar da dabbobin ubansa ke zuwa, ya gane halin naira tun daga tushe, da kuɗin da bai kai sa guda ba. Ɗan Katsina shi ma ya zo Maraɗi ya koyi faransanci da dokokin OHADA. Tun Fabrairun 2021 aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa ta kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi. Kafin kaya su fara bin ta, ya kyautu a ce an tanadi yaran da za su iya rubuta takardun kayan da harsunan ɓangarorin biyu. Allah ya sa iyaye da hukuma su dace.